Ranar da Aka Rasa Mai Yanka a Gidanmu

Gidan da nake zaune yanzu babu kaza ko ɗaya mai yawo. Ɗana ya malale tsakar gidan da siminti, matarsa kuma ta ce kashin kaji ba zai zauna mata a kai ba. Ni kuwa ɗauko ni aka yi daga ƙauye aka kawo ni Gaya da tsufa ya kama ni, to me zan ce? Na haƙura. Amma har yau safiyar nan ba ta yi mini kama da safiya. Ƙarar babur ce ke tashe ni, da injin markaɗe na maƙwabta, da wayoyin yaran nan masu kuka tun ba a shafa addu'a ba. Mu a garinmu, can tsakanin Gafasa da Ajingi, kunne ne ke fara sanin gari ya waye. Zakaran wani gida ya fara, na wani gida ya amsa masa, sai ka ji an janye murfin akurki, kaji su fito suna karkaɗe jiki suna ƙorafi kamar an yi musu laifi, sannan taɓarya ta fara sauka a turmi. Kajin da nake gani yanzu farare ne ƙatti na gidan gona, ko gudu ba su iya ba. A kawo su a ɗaure a bayan babur, kafin la'asar sun shiga firji, babu wanda ya san halin ko ɗaya daga cikinsu.

Kwanakin baya aka kawo irinsu guda biyu, uban yaran ba ya nan, yayyensu maza sun tafi makaranta. Ina zaune a kan tabarma sai na ga jikata, budurwa ce tana zuwa Islamiyya, ta fito da wuƙa ta taka fukafukin ɗaya ta juya ta gabas. Na ce, "Ke! Ajiye wuƙar nan! Mace da yanka? A gidan uban wa kika taɓa gani?" Ta kalle ni tana dariya ta ce, "Haba Kaka, ai nomal ne. Malaminmu ya karantar da mu, yankan mace halal ne in dai ta iya ta kuma ambaci sunan Allah." Na ce ƙarya take yi. Da ubanta ya dawo na kai ƙara, shi ma ya ce gaskiyarta. Wallahi sai na zauna na yi ta dariya ni kaɗai har hawaye suka zubo, yaran suna kallona suna zaton tsufa ya fara taɓa ni. Ba su san abin da na tuna ba. Da Gwaggona ta san wannan karatun a zamaninmu, da kazata ta shiga tukunya tun da hantsi.

Kazar ta Innata ce, mahaifiyata. Wake-wake ce, baƙi da fari, mai faɗan tsiya, ko akuya ba ta bari ta kusanci inda take kiwo. Inna ta rasu da rani ina yarinya, ban kai ɗaukar tulu babba ba. Bayan an share makoki aka raba kayan ɗakinta, tasoshi da ƙore da tabarmi kowanne ya kama gabansa, aka ja ƙofar ɗakin aka rufe. Kazar ce babu wanda ya san lissafin da zai sa ta, sai kakata, uwar Baba, wadda muke kira Iya, ta ce, "A bar wa yarinya." Shi ke nan ta zama tawa. Abin da ya ɗaure ni da ita kuwa, kullum da safe in an buɗe akurki sauran kaji turmi suke nufa, ita sai ta wuce ƙofar ɗakin Inna ta tsaya tana leƙe, don a nan aka saba watsa mata tsaki. Babu wanda ya gaya mata an rufe ɗakin ke nan. Sai na riƙa ɗebo tsakin in je in zauna a bakin ƙofar in watsa mata, tana ci ina kallo. Duk gidan mu biyu ne muke zuwa ƙofar nan, kuma ina jin daɗin cewa ba ni kaɗai ba ce.

Ranar da abin ya faru damina ta yi tsakiya, dawar bayan gida ta yi tsawo har ta rufe danga. Ranar kasuwar Ajingi ce. A lokacin babu bas babu babur, da jaki ake tafiya ko a ƙasa, in namiji ya fita tun da duku-duku sai la'asar. Wanda bai je kasuwa ba yana gona mai nisa. Baba ya tafi da jakinsa, gida ya rage daga ni sai Iya sai Gwaggo, ƙanwar Baba, da ta zo mana zama tun rasuwar Inna. Gwaggo tana daka, Iya tana kaɗi a inuwar ɗakinta, ni ina wanke ƙore. Sai muka ji wani irin kuka daga wajen danga, kukan da ban taɓa jin kaza ta yi ba, sauran kajin suka watse kowacce ta yi ta kanta. Na ɗaga kai na ga muzuru, ƙato mai toka-toka da babban kai, ya danne kazata yana jan ta da baya zai fitar da ita ta wata kafa da ruwa ya ci a gindin danga. Na kurma ihu. Gwaggo, Allah ya jiƙanta, mace ce mai zafin nama, ba ta tsaya salati ba ta wurga masa taɓarya. Ba ta same shi ba, dangar ta samu, amma ƙarar ta sa ya saki ya shige dawa.

Da muka isa tana kwance a gefe ɗaya, baki a buɗe, tana numfashi sama-sama. Ya yage mata fata tun daga ƙarƙashin fiffike har kusa da cinya, fatar ta zazzago tana reto, naman a fili ja wur. Gashinta ya watsu ko'ina. Gwaggo ta dube ta sau ɗaya ta ce, "Wuƙa! A nemo namiji kafin ta zama mushe!" Haka ake yi, kuma ba mugunta ba ce. Dabba in ta ji ciwon da ake ganin ba za ta tashi ba, a yi maza a yanka ta tana da sauran rai, a ci halal, ita ma ta huta. In aka yi sanya ta mutu da kanta, ta zama mushe, sai a jefar a bayan gari. Amma a saninmu na lokacin mace ba ta yanka. Ko kusa. Abin da mace ta yanka, mu a wurinmu da shi da mushe duk ɗaya ne.

Gwaggo ta figi mayafi ta fita, wuƙa a hannu. Ina jin muryarta tana bi gida-gida: "Salamu alaikum masu gida, akwai namiji a ciki?" A ce mata duk sun tafi kasuwa. Ta leƙa masallaci, babu kowa sai tabarmi. Ta je gindin bishiyar da tsofaffi ke zama, ta tarar da mutum ɗaya, wani dattijo da idonsa ya tafi hannunsa ke rawa, ya ce da ita ta rufa masa asiri, kada ya je yanka kaza ya yanke yatsa. Ta dawo tana haki tana zage-zage, ta tsaya a kan kazar. Har yau ina ganin ta: mace mai ƙarfin da za ta iya kayar da rago ita kaɗai, ga wuƙa mai kaifi a hannunta, ga kaza a gabanta, ga ta da son romo, amma ko a ranta bai zo ba cewa za ta iya sunkuyawa ta yanka. Sai cewa take yi, "Gari guda babu namiji! Yau ga asara da rana tsaka!"

Duk wannan abin Iya ba ta tashi daga kaɗinta ba. Sai da Gwaggo ta gama faɗanta sannan ta ajiye mazari ta taso tana dafa gwiwa. Sunanta aka sa mini, saboda haka takwara take ce mini. Ta ce, "Takwara, kin cika mana kunne. Ihun nan zai mayar mata da fata ne? Je ki hura wuta ki ɗora ruwa." Gwaggo ta ce, "Iya, me za ki yi?" Ta ce, "Tunda babu mai yanka, zama za mu yi mu zuba mata ido? Miƙo mini allurata."

Ni na riƙe kazar a cinyata, na rufe mata kai da gefen zanena don kada ta yi fizge-fizge, ina jin zuciyarta tana bugawa a tafin hannuna da sauri-sauri. Iya ta fige gashin da ke gefen ciwon, ta wanke shi da ruwan ɗumi da gishiri, ta fitar da ƙasa da ƙaiƙayi da tsinke. Ta tsinko zare daga wanda take kaɗawa, ta murza shi da man kaɗe, ta ba ni in zura mata a allura don idonta ya daina ganin kafar. Sannan ta jawo fatar ta haɗa baki da baki ta fara ɗinki, a hankali, kamar tana ɗinke ɓarakar zane. Duk sukar da ta yi sai kazar ta zabura, ni ma in zabura. Iya ta ce, "In za ki yi rawar jiki ba Gwaggonki ta riƙe." Na ce a'a. Ai na san in ta shiga hannun Gwaggo ba lallai ta fito ba. Da ta gama ta bar 'yar kafa a ƙasa ta ce ta nan ruwan ciwo zai riƙa fita, ta daka bagaruwa ta barbaɗa, ta shafe gefe da man kaɗe. Muka shimfiɗa tsumma kusa da murhu muka kifa mata kwando, don hayaƙi ya kore ƙuda.

Baba ya dawo da la'asar, tun bai sauke kayan jaki ba Gwaggo ta tare shi da labari. Ya ɗaga kwandon ya duba, ya daɗe yana kallo. Shi uwata yake ce mini, saboda sunan mahaifiyarsa da nake ɗauke da shi. Ya ce, "Uwata, kazar nan ba za ta yi ba. Kawo wuƙa." Na ruga bayan Iya na ƙanƙame ta. Iya ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne, sai ta ce, "Kai, da ka zo da hantsi da ban hana ka ba. Yanzu kuwa na sa mata zarena." Ya durƙusa ya ce, "Iya, ba naman nake ji ba. Barin dabba cikin azaba ma akwai alhaki. In ta mutu a kwandon nan, mun wahalar da ita, mun kuma yi asararta." Iya ta ce, "Na ji. Ka ba ta kwanaki. In ka ga ta saki wuya, ga ka ga ta." Ya dube ni, na san ya san ta wace ce kazar, bai dai faɗa ba. Ya soke wuƙar a jikin zanan madafi, daidai saman kwandon, ya ce a nan za ta zauna.

Abin da ban gane ba sai da na girma shi ne abin da alkawarin nan ya ci masa. Tunda shi kaɗai ne mai yanka a gidan, ba shi da halin yin nisa. Gonar gyaɗarmu tana can nesa, ciyawa tana cin ta, shi kuwa ya tsaya yana 'yan kame-kame a gonar bayan gida inda in an kira zai ji. Mutum mai iyali, a tsakiyar damina, kaza ta ɗaure shi a gida. Yau wa zai yi wannan? Yanzu in kaza ta yi laushi sai a aika kemis a sayo kafso ja da yalo a zuba mata a ruwa, in ta tashi to, in ba ta tashi ba a jefa a bola a sayo wata. Ban ce sun yi laifi ba, kajin ne suka yi yawa har ba a san fuskarsu ba.

Jinya kuwa ni na yi ta. Kullum da safe Iya ta duba ɗinki ta matse ruwan ciwo, ni in wanke in barbaɗa bagaruwa. Babban abin tsoro ƙuda ne, don da damina in suka sauka a ciwo sai tsutsa, saboda haka wuni nake yi a bakin murhu da mafici, idona yana ruwa saboda hayaƙi, zanena duk ya ɗauki ƙauri. Ruwa da yatsa nake ɗiga mata a gefen baki, in ɗaga mata kai ta haɗiye. Abinci kuma sai na buɗe bakin na tura mata 'yar gasara. Ciwon ya yi wari, ya kumbura, Gwaggo tana wucewa tana toshe hanci tana cewa, "Da tuni mun sha romo mun manta." Daga baya kumburin ya saɓe, bakin ɗinkin ya bushe ya yi baƙi. Iya ta ce fata ta kama. Amma kazar ba ta ci da kanta. Na watsa mata tsaki, ta kalle shi ta lumshe ido. Na jiƙa gero, haka. Na ɗauki fasasshiyar tukunya na cusa mata karmami da busasshen kashin shanu na yayyafa ruwa na kifa a bakin suri, kamar yadda ake yi wa 'yan tsaki, washegari na kwaso gara cike na zube a gabanta suna ta motsi. Ko kallo ba su ishe ta ba. Ta rame har ƙashin ƙirjinta yana sukar hannu. Na tambayi Iya ko za ta tashi, ta ce, "Ni fata na ɗinka, takwara. Ci kuma sai ta so."

Wata rana da yamma Baba ya dawo daga duba gonar gyaɗa, ya bar wani maƙwabci ya tsaya masa a gida ko da yanka zai taso, fuskarsa ba daɗi. Ya ce ciyawa ta kusa binne gyaɗar, gobe dole ya koma can ya yi kwanaki yana wuni. Ya kira ni ya zaunar da ni a gabansa ya ce, "Uwata, kin yi iyakar yinki, kowa ya gani. Amma dabbar da ba ta ci da bakinta tafiya take yi a hankali. Ba zan tafi in bar ta ta mutu a hannunki babu mai yanka ba. Gobe kafin in fita zan duba ta. In tana nan yadda take, ki yi haƙuri." Na dubi Iya ina jiran ta tare mini. Ta sunkuyar da kai tana murza zare. A nan na san magana ta ƙare. Na yi kuka har na gaji, ban ci tuwo ba, na ji haushin kowa a gidan har da kazar da ta ƙi taimakon kanta.

Da safe Gwaggo ta tashe ni ta ɗora mini tulu ta ce in je rijiya, ruwa ya ƙare. Ruwa bai ƙare ba, randa na nan da rabi, so suke su kawar da ni. Na tafi da gudu na dawo da gudu, rabin ruwan a jikina. Ina shiga na dubi madafi. Kwando a kife a gefe, tsumma babu kowa a kai. Na ɗaga ido, babu wuƙa a jikin zana. Ban san lokacin da tulun ya bar kaina ba, sai ƙararsa na ji. Gwaggo tana cewa, "Ke, tsaya mana!" ni kuwa na riga na yi bayan rumbu, inda ake yanka.

Na tarar da Baba a tsugune ya ba ni baya, ya fuskanci gabas. In za a yi yanka akan tona ɗan rami a ƙasa don jini ya taru a ciki a rufe, kada a tattaka. Ya ajiye kazar a gefensa, tunda ba ta da ƙarfin gudu, ya sa tsinin wuƙa yana tona ramin. Ƙasar damina ce, a jiƙe take. Da ya ɓanɓaro ta sai ga tana ta fito tana murɗe-murɗe. Shi ya ba mu labarin wannan daga baya, ya ce yana shirin ture tanar gefe sai ya ga wuya ya miƙo ta ƙarƙashin hannunsa, caraf, an ɗauke. Ya zaci idonsa ne. Ya ƙara tonawa, wata ta fito, aka sake ɗaukewa.

Abin da ni na gani da idona shi ne kazata a tsaye da ƙafafunta, fiffike ɗaya a saɓule, zaren Iya yana reto a gefenta, ta tura kai cikin ramin da aka tona don jininta tana ja da wata doguwar tana. Ramin kuwa ya wuce na yanka tuni, ya yi faɗin ƙwarya, Baba sai ƙara buɗa shi yake yi da wuƙa, hannunsa duk taɓo. Na zauna daɓas a wurin, ina so in yi dariya kuka yana fitowa. Ban taɓa jin sanyi a raina irin na safiyar nan ba, ko ranar da na sauka lafiya a haihuwar fari.

Baba bai waiwayo ba. Ya goge goshi da bayan hannu ya ce, "Uwata, kukan ya isa haka. Tashi ki kawo mini fartanya, wuƙar nan ba ta tono."